Yadda Rigimar Haraji Ta Haifi Ilimin Nazarin Kyauta a Amurka

A watan Fabrairun 1969, McGeorge Bundy, shugaban Gidauniyar Ford, ya zauna a gaban kwamitin haraji na Majalisar Wakilan Amurka domin amsa tambayoyi. A lokacin babu gidauniyar da ta kai Ford dukiya a ƙasar, Bundy kuwa ya taɓa zama mai ba Shugaba Kennedy da Shugaba Johnson shawara kan tsaro. 'Yan majalisar sun zo da magana a bakinsu. A 1967 Ford ta ba reshen ƙungiyar CORE ta kare haƙƙin baƙaƙen fata da ke birnin Cleveland dala dubu 175, aka yi amfani da wani ɓangare wajen yi wa masu zaɓe rajista, kuma a shekarar ce Carl Stokes, baƙar fata, ya zama magajin garin. Bayan kisan Sanata Robert Kennedy a 1968, gidauniyar ta ba mutum 8 daga cikin hadimansa tallafin tafiye-tafiye da nazari. Abin da 'yan majalisar ke son ji shi ne: da wane dalili dukiyar da gwamnati ta yafe wa haraji za ta shiga harkar da ke da ƙamshin siyasa? Masu tarihi da dama sun rubuta cewa yadda Bundy ya amsa, cikin isa da gadara, ya ƙara tunzura su.

Ba ranar aka fara ba. Tun 1915 wani kwamitin gwamnati ya tuhumi Gidauniyar Rockefeller, wadda aka kafa a 1913, da zama wata kafa ta faɗaɗa ikon mai ita. A farkon shekarun 1950 majalisa ta kafa kwamitoci biyu don binciken ko gidauniyoyi na taimakon kwaminisanci. Daga 1961 kuma ɗan majalisa Wright Patman na jihar Texas ya sa su gaba shekara da shekaru, yana fallasa yadda wasu attajirai ke kafa gidauniya don su ci gaba da riƙe kamfanoninsu ba tare da biyan harajin gado ba.

Dokar gyaran haraji ta 1969 ce ta tattara duk wannan fushin. Ta ɗora harajin kashi 4 cikin 100 kan ribar jarin gidauniyoyi, ta wajabta musu raba wani kaso na dukiyarsu kowace shekara, ta hana mai gidauniya yin ciniki da gidauniyarsa, ta kuma taƙaita hannun jarin da za su riƙe a kamfani guda. Har an kawo shawarar kada gidauniya ta wuce shekara 40 a raye, sai dai ta faɗi a Majalisar Dattawa.

Abin da ya fi tayar wa John D. Rockefeller na Uku hankali ba dokar kaɗai ba ce. Ya lura cewa da aka zo kare kai, babu wanda ke da amsa a hannu. Ƙungiyoyin agaji nawa ne a ƙasar? Mutum nawa suke ɗauka aiki? Idan aka rage rangwamen haraji, kyauta za ta ragu da nawa? Asibitoci da jami'o'i da coci-coci da gidajen marayu kowa na harkar gabansa, ba su ma ɗauki kansu a matsayin dangi ɗaya ba. Akwai rahoton shekara-shekara na jimillar kyauta da masu sana'ar tara gudummawa ke fitarwa tun tsakiyar shekarun 1950, amma bai isa a tsaya da shi a gaban majalisa ba. Rockefeller ya fara da kwamitin Peter Peterson, wanda ya ba da rahoto a 1970. Sannan a 1973 ya sa aka kafa babban kwamiti a ƙarƙashin John Filer, shugaban kamfanin inshora na Aetna.

Kwamitin Filer shi ne babban tushen fannin nazarin kyauta. Ya ba masana kwangilar bincike sama da 80, daga lauyoyi zuwa masana tattalin arziki irin su Martin Feldstein, wanda ya auna yadda rangwamen haraji ke ƙara yawan abin da mutane ke bayarwa. Rahotonsa na 1975 ya kafa tunanin da har yau ake tafiya a kai: cewa bayan gwamnati da 'yan kasuwa akwai sashe na uku, mai nasa girma da nasa ƙa'idoji, wanda ya cancanci a ƙidaya shi a kuma nazarce shi. Masanin tarihi Peter Dobkin Hall ya yi jayayya a littafinsa na 1992 cewa wannan sashen ƙirƙiro shi aka yi, domin haɗa babbar jami'a kamar Harvard da ƙaramar ƙungiyar unguwa a inuwa ɗaya yana kare manyan ne da farin jinin ƙananan. Ina ganin akwai gaskiya mai yawa a maganarsa. Tun kwamitin na zama wasu suka hango haka. Wakilan ƙungiyoyin talakawa da na tsiraru, ciki har da Pablo Eisenberg, sun koka cewa an cika zauren da masu bayarwa an bar masu karɓa a waje, suka rubuta nasu rahoton, kuma daga cikinsu ne aka kafa a 1976 wata ƙungiya mai sa ido kan gidauniyoyi wadda ke aiki har yanzu.

Akwai kuma wani tushe na daban, mara kuɗi, da ya riga wannan fitowa. A 1971 David Horton Smith, malamin nazarin zamantakewa a Kwalejin Boston, ya tara 'yan uwansa malamai suka kafa ƙungiyar masu nazarin aikin sa-kai, a 1972 suka fara fitar da mujalla. Su hankalinsu ba a kan gidauniyoyi yake ba. Abin da ya dame su shi ne me ke sa mutum ya ba da lokacinsa kyauta, me ke sa maƙwabta su haɗu su kafa ƙungiya. Wannan ƙungiyar ce daga baya ta koma ARNOVA, mai hedikwata a Indianapolis, wadda taronta na shekara-shekara ke tara ɗaruruwan masu bincike, mujallarta kuma ta sauya suna a 1989 ta ƙara da nazarin ƙungiyoyin da ba na riba ba. Sauyin sunan ya nuna inda iska ta kaɗa.

A ƙarshen shekarun 1970 Jami'ar Yale ta buɗe shirin bincike na farko a kan fannin, a ƙarƙashin lauya John Simon. A wannan zamanin ne aka yi tambayar da ta fi kowace daɗin nazari: in dai kasuwa na iya sayar da komai, gwamnati kuma na karɓar haraji don yi wa jama'a aiki, me ya kawo ƙungiyar da ba ta neman riba? Burton Weisbrod ya ce gwamnati tana biyan buƙatar mafi rinjayen masu zaɓe ne, don haka waɗanda ke son makarantar addininsu ko asibitin da ya dace da su sai su kafa nasu. Henry Hansmann, a maƙalarsa ta 1980, ya ce maganar amana ce. Wanda ya aika kuɗi don ciyar da yara a wata ƙasa ba zai iya zuwa ya ga ko sun ci ba, haka wanda ya kai tsohonsa gidan kula da tsofaffi. A irin wannan hali mutum ya fi sakin jiki da ƙungiyar da doka ta hana shugabanninta raba rarar kuɗi a tsakaninsu.

Wani mai bincike, Lester Salamon, ne ya zo da abin da bai yi wa kowa daɗi ba. A farkon mulkin Ronald Reagan gwamnati ta rage kuɗin walwalar jama'a, tana cewa masu kyauta za su cike giɓin. Salamon da abokan aikinsa suka bi takardun kuɗi suka nuna cewa abin da ƙungiyoyin hidimar jama'a ke samu daga gwamnati ya fi abin da suke samu daga kyautar mutane, saboda haka yanke kasafin su ma ya yanke su. A 1987 ya jera raunin aikin agaji ƙarara: kuɗinsa ba ya isa, yana fifita wasu ya bar wasu, mai bayarwa ne ke yanke abin da mai karɓa ke buƙata, kuma sau da yawa babu ƙwarewa. A ganina wannan ne lokacin da fannin ya nuna zai iya faɗin abin da masu ɗaukar nauyinsa ba su nema ba.

Domin batun ɗaukar nauyi ba ƙarami ba ne. Cibiyar nazarin kyauta ta Jami'ar Indiana, wadda aka buɗe a 1987 kuma ta zama cikakkiyar makaranta bayan shekara 25, da kuɗin gidauniyar iyalan Lilly ta tashi, sunansu take ɗauke da shi. Gidauniyoyin Ford da Kellogg da wasunsu sun zuba kuɗi a cibiyoyi da taruka da mujallu. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na zargin malaman da sayar da alƙalaminsu, yawancinsu masu gaskiya ne. Amma mai ba da kuɗi yana da tasiri a kan irin tambayar da za a yi, kuma an daɗe ana samun bincike kan yadda za a ƙara tara gudummawa fiye da bincike kan ikon da babbar kyauta ke ba attajiri a kan makarantu da asibitoci da manufofin ƙasa. Littattafan da suka tunkari wannan tambayar gadan-gadan, kamar na Rob Reich na Jami'ar Stanford a 2018, sun yawaita ne a baya-bayan nan.

Daga 1990 fannin ya ƙetare teku. Salamon da Helmut Anheier sun fara wani gagarumin aiki a Jami'ar Johns Hopkins na auna sashen ƙasa-ƙasa da ma'auni ɗaya, a 1992 kuma aka kafa ISTR, ƙungiyar masu binciken ta duniya, wadda ta yi taronta na farko a Hungary a 1994. Sakamakon ƙasashe 22 da aka fitar a 1999 ya ba mutane mamaki. A lokacin, a ƙasashen nan, sashen yana kashe kimanin dala tiriliyan 1.1 a shekara, yana da ma'aikata masu albashi kusan miliyan 19. Kuɗinsa kuwa kashi 49 cikin 100 daga kuɗin da jama'a ke biya ne na hidima, kashi 40 daga gwamnati, kyauta kashi 11 kacal. Kuma idan aka auna da yawan ma'aikatan ƙasa, Holand da Ireland da Beljiyam da Isra'ila duk sun sha gaban Amurka, ƙasar da ke alfaharin ita ce uwar aikin sa-kai. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi tsarin ta mai da shi jagora ga hukumomin ƙididdiga.

Sai dai ma'aunin ya gaji halin gidan da aka haife shi. Kafin a ƙidaya ƙungiya sai ta kasance mai tsari, ba ta gwamnati ba, ba ta raba riba, tana mulkin kanta, kuma shigarta ba tilas. A aikace, abin da ke da rajista da takardar haraji shi ya fi saurin shiga lissafi. David Horton Smith da kansa ya yi ta ƙorafi a shekarun 1990 cewa ko a Amurka mafi yawan ƙungiyoyi ƙanana ne marasa ma'aikata, kuma ƙididdigar ba ta ganin su. Afirka ta tabbatar da maganarsa. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2002, ya gano ƙungiyoyi kusan dubu 100, fiye da rabinsu na unguwa ne marasa cikakkiyar rajista, kuma an gano su ne don masu binciken sun shiga unguwanni suna tambaya maimakon su tsaya ga kundin gwamnati. A 2005 Susan Wilkinson-Maposa da Alan Fowler da abokan aikinsu a Jami'ar Cape Town sun fitar da nazarin yadda talaka ke taimakon talaka a Mozambik da Namibiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu: abinci, rance, kuɗin jana'iza, riƙon ɗan wani. Babu gidauniya a ciki, babu rasit.

Mai karatu a Kano ko Damagaram ya san wannan duniyar sarai. Zakka da waƙafi, adashin mata, gayyar noma, ciyar da almajirai, ƙungiyoyin ci gaban gari da ke gina aji ko haƙa rijiya, gudummawar biki da ta rasuwa, duk dukiya ce mai yawa da ke zagayawa kullum. A 2015 aka kafa AROCSA a Ghana, ƙungiyar masu nazarin ƙungiyoyin farar hula a Afirka, da taimakon ARNOVA da tallafin Gidauniyar Ford, Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg kuma ta buɗe cibiyar nazarin kyauta irin ta Afirka. Ita ma makarantar Indiana yanzu tana da shiri na musamman kan kyautar Musulmi.

Buƙatar ba ta malamai kaɗai ba ce. Lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar kamfanoni ta Nijeriya a 2020, wadda ta ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya, an yi ta cacar baki tsakanin gwamnati da shugabannin addini da ƙungiyoyin farar hula. Irin tambayoyin da aka yi wa Bundy ne suka dawo da wata riga: wa ke sa ido kan kuɗin, wa ke amfana, ina iyakar gwamnati? Muhawara irin wannan tana buƙatar alƙaluma, in ba haka ba mai ƙarfin murya ne ke rinjaye.

Ma'aunin ƙididdigar da kansa ya ɗan buɗe. Jagorar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2011 ta yarda a ƙidaya aikin sa-kai da mutum ya yi wa wani kai tsaye ba ta hannun wata ƙungiya ba, muddin ba mutanen gidansa ya yi wa ba, a 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta nata tsarin ta shigar da wannan da wasu ƙungiyoyin gama-kai. Da wannan, ranar da manomi ya kashe a gonar maƙwabcinsa mara lafiya tana iya shiga lissafin ƙasa. Hanyar da jagorar ta tsara mai sauƙi ce: hukumar ƙididdiga ta ƙara 'yan tambayoyi a cikin binciken ayyukan yi da ma'aikatanta ke zagayawa gida-gida da shi, ta tambayi mutum aikin da ya yi wa wasu ba da lada ba a makonni huɗun da suka wuce, da sa'o'in da ya ɗauka yana yi.