Tarihin Wasannin Tseren Jirage Masu Shawagi a Na'urorin Wasa na Hannu

Tseren jirage masu shawagi wani rukuni ne na wasannin bidiyo da ake tsara labarinsu a zamanin da bai zo ba tukuna. Abin hawan da ke cikinsu ba shi da tayoyi, yana tafiya ne a saman hanya ba tare da ya taɓa ta ba, cikin gudun da ya fi na kowace mota nesa ba kusa ba. Saboda wannan gudu, kamfanoni suka mai da irin wasannin nan ma'aunin ƙarfin sabuwar na'urar hannu, har ta kai sau da dama ana fitar da su rana ɗaya da na'urar.

Asali

A kan na'urorin da ake jonawa da talabijin aka fara. A watan Nuwamba na 1990 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da F-Zero tare da na'urar Super Famicom. Wasan ya yi amfani da wata dabara mai suna Mode 7, wadda ke juya shimfiɗaɗɗen hoto tana faɗaɗa shi, har mai wasa ya ga kamar hanya ce mai zurfi a gabansa. A 1995 kamfanin Psygnosis na birnin Libaful a Ingila ya fitar da Wipeout a kan PlayStation, ya ƙara makamai da kiɗan gidajen rawa na lokacin. Waɗannan biyu su ne ginshiƙan rukunin har yau.

Zamanin Game Boy Advance

A watan Maris na 2001 aka fitar da na'urar hannu ta Game Boy Advance a Japan, kuma F-Zero: Maximum Velocity na cikin wasannin ranar farko. Kamfanin Nd Cube ne ya haɗa shi, ya dawo da salon wasan 1990 a allon da bai wuce tafin hannu ba. Daga nan sai F-Zero: GP Legend a 2003, sannan F-Zero Climax a 2004, duka daga kamfanin Suzak. Climax ya bai wa mai wasa damar zana hanyar tserensa da kansa, amma a Japan kaɗai aka sayar da shi. Daga kansa jerin F-Zero ya yi shiru na kusan shekara 19.

Wipeout a aljihu

Da zuwan Wipeout kan na'urorin hannu ne rukunin ya kai ganiyarsa. Kamfanin Sony ya sayi Psygnosis tun 1993, daga baya aka sauya masa suna zuwa Studio Liverpool. A watan Maris na 2005 suka fitar da Wipeout Pure tare da na'urar hannu ta PSP a Amurka. An tsara labarinsa a shekarar 2197, kuma ya zo da sauyi mai ma'ana: an cire wurin tsayawa gyara na wasannin baya, aka bar direba ya zaɓa, ko ya harba makamin da ya ɗauka, ko ya haɗiye shi ya ƙara wa garkuwar jirginsa ƙarfi. Wannan zaɓi na cikin ƙiftawar ido ya sa tseren ya koma na lissafi, ba na saurin yatsa kaɗai ba. An kuma riƙa sakin ƙarin hanyoyi da jirage ta intanet, abin da ba a saba gani ba a na'urar hannu a lokacin.

Wipeout Pulse ya biyo baya a 2007 da hanyoyi masu maganaɗisu, waɗanda ke riƙe jirgi ko da hanya ta kife, da kuma damar karawa da mutane ta intanet. Ingancin wasannin biyu ya kai matsayin da aka ɗebi hanyoyinsu aka gina Wipeout HD na PlayStation 3 a 2008. Wato a wannan karo babbar na'ura ce ta ara daga ƙarama. A 2012 aka fitar da Wipeout 2048 a kan PlayStation Vita, a watan Agusta na shekarar kuma Sony ya rufe Studio Liverpool. Rashi ne babba ga masoya rukunin.

Daga 2017 zuwa yau

Ƙananan kamfanoni ne suka cike giɓin. Shin'en Multimedia na Jamus ya fitar da Fast RMX ranar da Nintendo Switch ta shiga kasuwa a watan Maris na 2017, sannan Fast Fusion tare da Switch 2 a watan Yuni na 2025. Nintendo ma ya waiwayo da F-Zero 99 a 2023, inda mutum 99 ke tsere lokaci guda ta intanet. A 2024 kuma aka saka F-Zero Climax a kan Switch, aka buɗe shi ga 'yan wasa a wajen Japan a karon farko, shekara 20 bayan fitowarsa.