Farar Mota Mai Tambari: Shekara Sittin Na Tallafin Waje A Makarantun Kano



Mu da muka tashi a Garun Mallam, maƙwabciyar Kura da Bunkure, mun san farar mota mai tambari a jikin ƙofa tun kafin mu iya karanta abin da aka rubuta a tambarin. Yau ta zo duba kanal, gobe ta tsaya a bakin makarantar firamare, a sauke kwalaye, a ɗauki hoto da hedimasta, a yi sallama. Bayan shekara biyar ko shida sai a daina ganinta, wata ta ɓullo da sabon tambari. Da yawa a cikinmu sun saka irin wannan mota a labaransu, sai dai kusan kullum ko dai ta zo ceton talakawa, ko kuma ta zo da makircin Turawa. Mun ga ya dace mu bi sawunta a tarihi, mu ga daga ina take fitowa, wa ke riƙe da sitiyarinta, me kuma take bari idan ta tafi.

Abin ya faro ne da samun 'yancin kai. Arewa ta shiga 1960 da ƙarancin malaman boko ƙwarai, gwamnatin Sardauna kuma ta san ba za ta iya cike giɓin ita kaɗai ba. A 1961 ta haɗa hannu da Amurka aka buɗe kwalejin horar da malamai a Kano, malaman Jami'ar Ohio suka zo suka koyar a cikinta na wasu shekaru. Ita ce ta zama babbar kwalejin nan ta Ƙofar Famfo da muka sani da FCE. A Zariya ma an buɗe irinta a 1962 da taimakon UNESCO. Baƙin sun gama wa'adinsu sun koma gida, amma kwalejojin suna nan, domin gwamnati ta karɓe su, ta saka albashin malamansu a kasafinta na kowace shekara. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A farkon shekarun 1970, lokacin da Gwamna Audu Baƙo, Allah Ya ji ƙansa, ke gina madatsar Tiga, injiniyoyin ƙasar Holan na kamfanin NEDECO kuma suna auna gonakin Kadawa, akwai wani aikin da ake yi a makarantu wanda ba a cika tunawa da shi ba. UNICEF da UNESCO sun tallafa wa Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gyara koyarwar firamare a jihohin Arewa shida na wancan zamani. Aka rubuta sababbin darussa, har da na Hausa, aka samar da malamai masu zagayawa makaranta makaranta suna horar da malami a cikin ajinsa. Shirin na tafiya sannu a hankali sai ga UPE a 1976. Yara suka kwararo kamar ambaliya, aka ɗebo malamai ta ko'ina, ƙaramin shirin da aka yi ta reno ya nutse a ciki. Shekarun soja da suka biyo baya ba su da dogon labari a wannan fage, musamman bayan 1995 da yawancin masu tallafi suka ja jiki daga Nijeriya.

Da mulkin farar hula ya dawo, Obasanjo ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato a watan Satumbar 1999, aka yi mata doka a 2004. Duk mai son ya rubuta wani abu a kan tallafin ilimi sai ya fahimci tsarin da dokar nan ta shimfiɗa. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin ɗari na asusunta ga hukumar UBEC, amma jiha ba za ta taɓa kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Makarantun suna hannun SUBEB ta jiha, albashin malamin firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake yanko shi. To ga mai tallafi ya zo daga Landan ko Washinton. Da Abuja zai ƙulla yarjejeniya, don ita ce ƙasa. Amma Abuja ba ta da ko aji ɗaya a Yadakwari ko Ciromawa. Wanda ya sa hannu daban, mai makarantar daban, mai biyan malami daban. Rabin aikin masu gudanar da irin waɗannan shirye-shirye ya ƙare ne a zirga-zirga tsakanin ofisoshin nan uku.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne ESSPIN, wanda hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa farkon 2017 a jihohi shida: Kano, Jigawa, Kaduna, Kwara, Legas da Inugu. An kashe masa sama da fam miliyan 100. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, ba a miƙa kuɗin ga gwamnatin Nijeriya ba. Kwangila aka ba kamfanin Cambridge Education, shi ya buɗe ofis a Abuja da kowace jiha, ya ɗauki ma'aikata, akasarinsu 'yan ƙasa, ya sayi motocin, yana kuma kai rahoto ga waɗanda suka ba shi aikin. Dalilin yin haka a fili yake, ana tsoron kada kuɗi su shiga baitulmali su ɓace. Amma tsarin yana da nasa ciwon. Ƙwararren jami'in da ya fi kowa iya aiki a ma'aikata shi ne wanda shirin zai fara zawarci da albashi mai tsoka, kuma mai gudanarwa yana da iyayen gida biyu: wanda ke biyansa yana son alƙaluma kafin ƙarshen shekara, wanda yake yi wa aiki kuma yana iya sauya kwamishina a dare ɗaya.

A Kano an fara gwaji ne a ƙananan hukumomi uku, Fagge da Kumbotso da Albasu. Garun Mallam ba ta ciki, haka Kura da Bunkure. A waɗannan wurare aka horar da hedimastoci yadda za su tsara aikin shekara, aka ba malamai darussan karatu da lissafi a rubuce, aka farfaɗo da kwamitocin kula da makarantu da ake kira SBMC, masu haɗa iyaye da masu unguwanni da mata. An kuma gwada shigar da karatun boko makarantun allo, da yardar alarammomi, na 'yan awoyi a mako. Wani aikin da ba ya jan hankalin masu ɗaukar hoto, amma a ganinmu ya fi komai amfani, shi ne ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Kafin ita, da wuya ka sami jami'ai biyu da za su ba ka adadi ɗaya na ɗaliban jihar.

Shirin ya iso irin namu yankin ne sai wajen 2013, a zangon Kwankwaso na biyu, lokacin da jihar ta yarda ta zuba nata kuɗin, ciki har da kason horar da malamai da take samu daga UBEC, aka faɗaɗa shi daga makarantu 'yan ɗaruruwa zuwa sama da dubu biyar. A takarda wannan ita ce nasarar da kowane mai tallafi ke mafarki, wato gwamnati ta karɓi aiki ta mai da shi nata. Sai dai duk manomin rani ya san abin da ke faruwa idan aka ƙara faɗin gonaki ba a ƙara ruwa ba. Masana su horar da tawagar jiha, tawagar jiha ta horar da jami'an ƙananan hukumomi, su kuma su horar da hedimastoci, kafin abin ya iso malamin aji biyu ya zama kamar ruwan da ya kai wutsiyar kanal. Mu da ruwan Tiga ke riska da ƙarfinsa, a wannan layin mu ne a wutsiya. Jami'in da ya kamata ya ziyarci makaranta sau da yawa a zango, idan ba a saki kuɗin man babur ɗinsa ba, ziyarar ta mutu ke nan.

Su kansu masu shirin ba su ɓoye ba. Binciken da suka yi a 2012 da 2014 da 2016 ya nuna makarantun da suka daɗe a cikinsa sun fi sauran tsari, amma a jimlace karatun yara bai tashi yadda aka so ba, wani wurin ma baya ya ja, domin ɗalibai suna ƙaruwa fiye da malamai da ajujuwa. Tun a 2012 hukumar da ke bin diddigin tallafin Birtaniya ta fitar da rahoto mai zafi a kan ayyukan ilimin DFID a Nijeriya, ta ce ba ta ga wani babban ci gaba a abin da yara ke koya ba. Mu lura, majalisar Birtaniya aka rubuta wa rahoton. Uban yaron da ke Garun Babba ba wanda ya karanta masa shi da Hausa.

A nan sai mu gyara wani kuskure da muke yawan gani a rubuce-rubucenmu, na kiran kowane kuɗin waje da suna tallafi. Akwai kyauta, akwai bashi. Dala miliyan 100 ta shirin NIPEP, da aka raba wa Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina da Sakkwato daga 2015, kyauta ce. Amma dala miliyan 65 da Bankin Duniya ya bayar a 2007 don Kano da Kaduna da Kwara rance ne mai sauƙin ruwa. Haka dala miliyan 611 ta BESDA a 2017, haka dala miliyan 500 da aka fara AGILE da ita a 2020 don karatun 'yan mata. Yarinyar da ke zaune a ajin da AGILE ta gyara tana cikin masu biyan kuɗin ginin idan ta girma. Wannan bai sa rancen ya zama abin ƙi ba, amma ya ba iyayenta haƙƙin tambayar yadda aka kashe shi da babbar murya, ba da muryar mai karɓar sadaka ba.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu alƙalami. Daga baya masu tallafi sun gane abin da Rupert East da Abubakar Imam suka yi aiki da shi a Zariya tun shekarun 1930, cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake mafarki da shi. Shirin Amurka a Bauci da Sakkwato ya fitar da littattafan Mu Karanta, shirin RANA ya yi nasa a Katsina da Zamfara, a nan Kano aka gwada KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, daga baya kuma aka zo da PLANE a Kano da Kaduna da Jigawa. Hausawa ne suka zauna suka rubuta waɗannan littattafai, wasu ma suna da kyau sosai. To amma je ka kasuwar Sabon Gari ko bakin asibiti ka nemi guda ka saya wa ƙaninka. Ba na sayarwa ba ne, raba su ake yi sau ɗaya, sunan marubucin ma sai ka tona kafin ka gan shi a ƙasan tambura. Magana Jari Ce kuwa har gobe ana samunsa, saboda ya sami kamfanin da ke sake buga shi da manhajar da ke neman sa. Mun taɓa shiga ofishin wani hedimasta a yankinmu muka tarar da kwalayen littattafan yara a jibge, ko ledarsu ba a cire ba. Da muka tambaya sai ya ce, "Ai ƙirga su aka yi aka ba ni, idan suka yage wa zai amsa?" Ba mu ga laifinsa sosai ba. Ya san in waɗannan suka ƙare babu wasu a hanya.

Irin wannan matsala manoman yankinmu suka sha da kanal. An gina shi da kyau, aka bar yashe da gyara ba mai su, ciyawar kacala ta cinye magudanai, har sai da aka sake karɓo rancen Bankin Duniya na TRIMING a 2014 don gyara abin da aka gina shekara arba'in baya. A wannan karon an dage a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗi su kula da ƙananan magudanai da kansu. Kwamitin SBMC ɗan uwan wannan ƙungiya ne, sai dai manomi yana ganin ribar ruwa a kwandon tumatirinsa a Kwanar Gafan cikin wata uku, ribar karatun yaro kuwa sai an yi shekara goma ana jira. Shi ya sa lokacin tsinkar tumatir ko girbin shinkafa za ka tarar da ajujuwanmu sun rage, kuma ba mu ga jadawalin da aka zana a Abuja ya taɓa yin la'akari da hakan ba.

Yanzu motocin da kansu sun fara ƙaranci. A 2020 aka narkar da DFID cikin ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, a 2021 aka rage kuɗin agajin ƙasar daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na abin da take samu, a 2025 kuma aka sanar za a sake rage shi zuwa 0.3. A shekarar ce gwamnatin Trump ta rufe USAID, hukumar da ta taimaka aka kafa kwalejin Ƙofar Famfo. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ta kuma ƙara wa fannin kaso a kasafinta. Abin da muke son wani daga cikinmu ya bi ya rubuto wa zauren nan shi ne, a cikin wannan kasafi akwai layin sake buga littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku, akwai kuma na man babur ɗin jami'in da ke zuwa Garun Mallam? Kundin kasafin yana intanet, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kuma a buɗe yake daga Litinin zuwa Juma'a.