Dusa, Burodi da Hanji: Tarihin Ciwon Cikin da Gwaji Ba Ya Nunawa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Kawo, ko ya ratsa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da hantsi, ya san muryar mai maganin basir a lasifika. Yakan jero alamomin ɗaya bayan ɗaya: kumburin ciki, yawan iska, murɗawar mara, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita. Mutane kan tsaya su saya, domin abin da ya lissafa shi ke damunsu. Da yawansu sun riga sun je asibiti, an ce olsa ce ko taifot, sun sha magani, ciwon ya lafa, sannan ya dawo. Wani kaso daga cikinsu na fama ne da abin da likitoci ke kira IBS a taƙaice, wato hanji mai saurin harzuƙa alhali babu gyambo ko ƙwayar cuta a jikinsa. Tarihin shawarar abincin da ake ba masu wannan ciwo ya ratsa ta Afirka, kuma akwai darasi a cikinsa ga mazauna Kaduna.

A 1892 shahararren likitan nan William Osler ya bayyana ciwon a littafinsa na koyar da likitanci, da sunan kumburin babban hanji mai fitar da majina. Sunan bai dace ba, domin idan aka leƙa hanjin ba a ganin kumburi. Wannan ne ya sa aka shafe shekaru ana ɗaukar masu ciwon a matsayin masu raki. Sai a 1978 wasu likitoci a birnin Bristol na Ingila suka tsara jerin alamomin da za a gane shi da su. Daga baya ƙwararru suka riƙa taruwa suna gyara jerin, abin da ake kira ƙa'idojin Rum. Bugu na huɗu, na 2016, ya ce sai mutum ya yi fama da ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku, ciwon kuma yana da alaƙa da bayan gida ko sauyin yanayinsa. Ya kuma sanya shi cikin matsalolin sadarwa tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Bahaushe dama ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Afirka ta shigo labarin ta hannun Denis Burkitt, likitan tiyata da ya yi shekaru yana aiki a Yuganda. Ya lura cewa cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba kasafai yake ganinsu a ƙauyukan can ba. Shi da abokan aikinsa suka auna nauyin bayan gidan mutane, suka tarar na mutumin karkarar Yuganda ya ninka na Baturen Ingila wajen sau huɗu. Suka danganta bambancin da faiba, ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa. A 1979 Burkitt ya fitar da littafi don jama'ar gari yana kira a ci faiba, likitocin Ingila kuwa suka shiga umartar masu ciwon ciki su riƙa barbaɗa dusar alkama a abinci.

Abin dariyar shi ne, a gidan Bahaushe mace takan surfa gero ko dawa a turmi, ta sheƙe, ta ware dusar ta ba awaki da kaji. Abin da ake ci da tuwon shi ne miyar kuka, ko kuɓewa, ko karkashi, masu yauƙi da santsi. Faiba iri biyu ce: mai kaushi irin ta dusa, da mai narkewa a ruwa ta yi yauƙi. A 1994 likitoci biyu a Manchester, Francis da Whorwell, suka tambayi majinyata 100 yadda dusa ta yi musu. Kashi 55 suka ce ta ƙara musu ciwo, kashi 10 kacal suka ce ta taimaka. Yau faiba mai yauƙi ake ba masu ciwon shawarar ci.

Zamanin Burkitt ya bar wani kuskuren: tunanin cewa wannan ciwon Turawa ne. Binciken da aka yi a gida ya rushe shi. Wani da aka buga a 2005 kan ɗaliban Jami'ar Jos ya samu alamomin ciwon a jikin kimanin mutum ɗaya cikin huɗu.

Ita kuwa Kaduna, tun da aka dawo da hedkwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917, garin ma'aikata ce: sojoji, akawuna, 'yan reluwe, mutanen da ke fita da safe su ci abin da suka samu a hanya. Da injin niƙan alkama na Apapa ya fara aiki a farkon shekarun 1960, sannan kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, burodi ya zama karin kumallon birni. Masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi a 1985 kan yadda Najeriya ta faɗa tarkon alkamar da ba ta nomawa isasshiya. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, amma hanin bai ɗore ba. Yau teburin mai shayi a Unguwar Rimi, Malali ko Badarawa na ɗauke da burodi, Indomie, ƙwai soyayye da albasa, da shayi mai madarar gwangwani, kuma da yawa sai bayan isha'i suke zama a kansa.

Wannan teburi bai haifar da ciwon ba. Yana iya biyo bayan gudawa mai tsanani, damuwa da ƙarancin barci kuma suna tayar da shi. Sai dai teburin ya tara abubuwan da ke tsokanar hanji. Ɗauki madara. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka nuna cewa yawancin Fulani makiyaya na narkar da sukarin madara har girmansu, yawancin Hausawa da Yarabawa kuwa ba sa iyawa sosai. Nono ya fi sauƙi ga ciki saboda tsamin da ya yi ya rage wannan sukari. Wanda fura da nono ba ta damunsa yana iya kumbura da madarar gari.

A 2005 Peter Gibson da Susan Shepherd na birnin Melbourne a Ostireliya suka haɗa irin waɗannan abubuwa a rukuni guda mai suna FODMAP: nau'ukan sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa da kyau, sai su ja ruwa, ƙwayoyin babban hanji kuma su mayar da su iska. Suna da yawa a alkama, albasa, tafarnuwa, wake, madara, zuma, mangwaro da kankana. Shinkafa, masara, gero, dawa, gyaɗa, gwanda, lemo, kifi, nama da ƙwai ba su da su sosai. Tsarin da Jami'ar Monash ta fitar mataki uku ne. A rage abincin da ake zargi na mako biyu zuwa shida. Sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta abin da aka ci da yadda ciki ya yi. A ƙarshe a bar wanda ya tabbata yana tayar da ciwon kaɗai, ko a rage yawansa. Mataki na biyu shi ake yawan tsallakewa. Mutum ya daina wake, ya daina madara, ya daina 'ya'yan itace, har ya rame, alhali wake shi ne naman talaka, kuma wataƙila albasa ce kawai matsalarsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kafin ma a kai ga wannan, akwai shawarwarin da hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta bayar tun 2008: cin abinci a kan lokaci ba tare da gaggawa ba, shan ruwa kamar kofi takwas a rana, kada shayi ko kofi ya wuce kofi uku, rage lemon kwalba, da motsa jiki. Mai azumi zai fi samun sauƙi idan ya rarraba buɗa-bakinsa, maimakon ya haɗa ƙosai, kankana da soye-soye a zama ɗaya.

Akwai kuma alamomin da ba na wannan ciwo ba ne: jini a bayan gida, rama ba dalili, zazzaɓi, ƙarancin jini, gudawar da ke tayar da mutum cikin dare, ko ciwon da ya fara bayan shekara 50. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, likita zai nema, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko wanda ya fi kusa da shi, domin kansar hanji ma takan fara da sauyin bayan gida.

Cikin shekara 130 da ɗoriya, an ce kumburi ne, an ce raki ne, an ce dusa ce magani, kuma kowace magana ta sha gyara. Abin da ya tsaya shi ne abincin wani gubar wani. Mai lasifikar Kawo na da kwalba ɗaya ga kowane ciki. Mai ciwon kuwa, bayan likita ya tabbatar masa da abin da ke damunsa, ƙaramin littafi da biro da haƙurin mako shida za su fi yi masa amfani.