Daga Midil Zuwa Fom Ɗin Intanet: Wa Ke Shirya 'Ya'yan Birnin Kudu Da Gwaram?

Maƙalarmu ta wannan mako ta tarihi ce, kuma za mu tsaya a kudancin Jigawa.

Duk shekara idan aka fitar da sunayen waɗanda suka ci tallafin karatu na ƙasa, irin na hukumar PTDF ko na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, sai mu ga an cika shafuka da ƙorafi iri ɗaya: an danne mu, sai mai uwa a gindin murhu, mun cike fom an yi shiru. Ba za mu ce babu gaskiya a ciki ba ko kaɗan. Amma idan muka waiwayi yadda mutanen wannan yanki suka riƙa fita karatu tun zamanin Turawa, za mu ga wani abu da ƙorafin yake tsallakewa. Duk lokacin da yaranmu suka shiga gasa suka yi nasara, akwai wanda ya fara tsamo su, ya killace su, ya horar da su kafin ranar gasar.

Mu fara daga lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke gundumomi a ƙarƙashin En'en Kano. A wancan zamani ba a neman gurbin karatu, gurbin ne yake neman yaro. Umarni zai fito daga Kano zuwa ga hakimi, hakimi ya sauke wa dagatai, a kawo yara makarantar elemantare. Iyaye da dama ɓoye 'ya'yansu suke yi, har ya zama sananne cewa wasu masu sarauta 'ya'yan barorinsu ko na talakawansu suke turawa a madadin nasu. Daga elemantare a tace, a kai Midil. Daga Midil a sake tacewa, ƙalilan su wuce Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk ta wannan rariya suka bi. Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Ba su cike fom a shago ba. Malamansu da jami'an ilimi ne suka san su, suka ga aikinsu shekara da shekaru, suka miƙa sunayensu.

Kada mu yi wa tsarin kwalliyar da ba shi da ita. Ƙofarsa ƙunci gare ta, Turawa sun buɗe ta ne don samun malaman makaranta da akawun En'e, kuma 'ya'ya mata kusan ba a lissafa su ba. Abin da muke so a lura da shi kawai shi ne, tsakanin yaro da gasa akwai babba da ke tsaye.

Makarantar kwana ta Birnin Kudu, wadda ta samo asali tun kafin samun 'yancin kai, ita ce babbar shaidar wannan a yankinmu. An ajiye ta nesa da birnin Kano, tafiyar sama da kilomita 100, a garin da duwatsunsa na Habude da Mesa suke ɗauke da zanen mutanen dauri. Yaro daga Sumaila ko Dawakin Tofa ko cikin ganuwa zai zo ya tarar da na Gwaram da na Buji, a haɗa su ɗaki ɗaya, ƙararrawa ɗaya ta tashe su, ita kuma ta kwantar da su. Akwai karatun dare na dole. Akwai muhawara da Turanci a gaban jama'a, inda ake yi wa mai kuskure dariya har ya daina kuskuren. Akwai malamin da ya san cewa wane lissafi ne ƙarfinsa, wane kuma bakinsa ne jarinsa. Duk wanda ya ga jerin tsofaffin ɗaliban makarantar, masu haɗuwa a ƙarƙashin ƙungiyar BIKOBA, zai ga sunaye irin su Aliko Ɗangote da Abdullahi Umar Ganduje. Mu dai abin da ya fi ɗaukar hankalinmu ba manyan sunayen ba ne. Ɗaruruwan likitoci da injiniyoyi da manyan sakatarori ne waɗanda ba a san su a jarida ba, waɗanda iyayensu ba su taɓa ganin ƙofar jami'a ba, makarantar ce ta zame musu uba a wannan fanni.

Da aka shiga mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta ɗauki tallafin karatu a matsayin makamin siyasarta ta cike ma'aikatu da 'yan Arewa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta ci gaba da wannan. Sai ga wata matsala da za ta ba ɗalibin yau mamaki: kuɗin akwai, waɗanda suka cika sharuɗɗan shiga jami'a ne babu isassu. Maganin da Jami'ar Ahmadu Bello ta kawo a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu shi ne makarantar share fage, wato SBS, a farkon shekarun 1970. A ɗauko yaron da ya gama sakandare a Birnin Kudu ko Haɗeja, a zaunar da shi a Zariya a cike masa giɓin da ke tsakaninsa da takwaransa na Ibadan, sannan a tura shi ajin digiri. Mutane da yawa da muke kira dattawan boko a yau ta wannan gada suka haye.

Sai 1977, shekarar da ya kamata duk mai sha'awar wannan batu ya riƙe. A shekarar ce Jihar Kano, wadda Jigawa take cikinta a lokacin, ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara wasu, ciki har da ta 'yan mata a Taura. Tsarin bai da wani ɓoye-ɓoye. A yi jarrabawa a makarantun jiha, a tsince waɗanda suka fi, a ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje da abinci mai kyau, a matsa musu. An soki shirin a lokacin cewa nuna fifiko ne, ana ciyar da 'yan kaɗan da haƙƙin masu yawa, kuma sukar tana da ƙafar tsayawa. Amma cikin shekaru kaɗan sai ga 'yan Kano a ajin likitanci da injiniyanci da yawan da ba a saba gani ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda marubutan Hausa suka fi sani ta fuskar adabi da fina-finai, a kan waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila. Mun faɗi wannan ne don masu neman abin rubutawa su san cewa filin a share yake, mai noma ake jira.

A ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa daga Kano. Ɗan Birnin Kudu, Ali Sa'ad, shi ne zaɓaɓɓen gwamnanta na farko, daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993. Sabuwar jihar ta gaji makarantun sakandare masu tarihi, amma ba ta gaji jami'a ko ɗaya ba. Shekara ashirin cur ɗan Gwaram yana tafiya Kano ko Zariya ko Bauchi ko Maiduguri neman digiri, har sai da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sannan ta jiha a Kafin Hausa a 2013. Sule Lamiɗo, ɗan Bamaina wanda shi kansa Barewa ya yi, ya farfaɗo da tsohuwar dabarar tacewa da killacewa a zamanin mulkinsa na 2007 zuwa 2015, da ya gina makarantar yara masu hazaƙa a Bamaina. A Gwaram kuma akwai sakandaren kwana ta 'yan mata, wadda ta buɗe ƙofar da tsarin Turawa ya bari a rufe.

To a nan ne gizo yake saƙar. Duk waɗannan tsare-tsare, daga Midil zuwa Bamaina, a bakin ƙofar jami'a suke ajiye yaro. A da hakan ya wadatar, domin wanda ya shiga jami'a ya riga ya tsira, sikolashif na jiha yana jiransa, aiki ma yana jiransa. Yanzu gasar ta matsa gaba. Tana tsakiyar digiri da bayan digiri, kuma a can babu hedimasta, babu karatun dare na dole, babu wanda ya san sunanka a aji mai mutum ɗari uku.

Mu duba yadda gasar ta yau take. An kafa PTDF tun 1973, amma tura ɗalibai digiri na biyu da na uku a ƙasashen waje da yawa ya kankama ne a farkon shekarun 2000. Tana neman digiri mai daraja, da shaidar hidimar ƙasa, da rubutaccen bayanin abin da mutum zai je ya karanta da amfanin da zai yi wa harkar mai da makamashi, sannan a zauna da shi gaba da gaba. Tallafin ƙasashen Kwamanwel, wanda aka faro a 1959, ta hannun Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ake miƙa sunaye. Chevening na gwamnatin Birtaniya, mai farawa daga 1983, yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu da gajerun maƙalu a kan jagoranci da hulɗa da jama'a da abin da mutum zai yi in ya dawo. Gidauniyar MTN kuwa tun ɗalibi yana aji uku take ɗauka, da sharaɗin makinsa ya kai 3.5. Ma'ana, wanda ya yi wasa da ajinsa na farko saboda bai san da zancen ba, ya faɗi gasar tun kafin ya ji labarinta.

A 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar da wani tallafi na musamman, PRESSID, don tura masu digiri mai daraja ta ɗaya zuwa manyan jami'o'in duniya. Ba a raba shi jiha-jiha ba, jarrabawa ce zalla. Da jerin sunaye ya fito aka ga ƙarancin 'yan Arewa, sai maganar ta kai Majalisar Wakilai, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan daidaiton wakilci. A ganinmu wannan rigima madubi ce. Wajen shiga jami'ar tarayya akwai kason da ake ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma Jigawa tana ciki. Wannan inuwa ta yi mana rana, amma ba ta bin mutum zuwa ɗakin da za a ajiye rubutunsa kusa da na ɗan Nsukka ko Ife a karanta. Ko inda ake raba gurabe bisa jihohi ma, sai ka cika sharaɗi kafin a kirga ka.

Jihohinmu sun amsa da nasu salon. Kwankwaso ya tura ɗalibai 501 waje a 2012, Jigawa ta tura ɗaliban likitanci Sin da Sudan. An samu likitoci da malaman jami'a ta wannan hanya, babu musu. Sai dai tallafin gwamna da gwamna yake tafiya, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya nuna yadda karatun yara yake iya tsayawa cik a dare ɗaya. Ta ɓangaren tarayya ma ƙofa tana ƙara tsukewa: a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da dakatar da shirin BEA, wanda ya daɗe yana kai ɗalibai Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, bayan kukan da ɗaliban suka sha yi na rashin biyan alawus. Tun 2024 kuma hankalin gwamnati ya fi karkata ga bashin karatu na NELFUND, wanda biya ake yi.

Abin da ya rage, ke nan, gurabe ne 'yan kaɗan masu tsananin gasa, kuma rabin gasar rubutu ne. A jami'o'in Amurka da yawa akwai ofishi sukutum da aikinsa shi ne gano ɗalibai masu ƙoƙari tun suna ajin farko, a nuna musu tallafin da ya dace da su, a sa su rubuta bayanin kansu sau biyar sau goma, a yi musu ganawar gwaji kafin ta gaskiya. Idan muka cire sunan ƙasar, wannan ai aikin da tsohon malamin Birnin Kudu yake yi ne da jan biro. Ɗalibinmu na yau kuwa yakan ji labarin tallafi saura kwana uku a rufe, a wani zauren WhatsApp. Ya ruga shagon kwamfuta, mai shago ya ɗauko masa bayanin da ya riga ya buga wa mutum goma ya canza suna. Sai a tarar sunan da ke takardar WAEC ya saɓa da na lambar NIN, ko takardar shaidar ƙaramar hukuma tana can Gwaram shi yana Dutse. Malamin da zai rubuta masa takardar shaida bai taɓa magana da shi ba, don haka layi uku zai rubuta waɗanda za su dace da kowa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. An raine mu a kan kunya da kawaici, yabon kai jahilci muke ce masa. Fom ɗin Chevening kuwa cewa yake ka faɗi inda ka jagoranci mutane da abin da ya canza saboda kai. Yarinyar da ta shekara uku tana koyar da ƙannen unguwa lissafi a zauren gidansu a Sara ko Basirka, ko saurayin da ya haɗa kan matasan ƙauyensu suka yashe magudanar ruwa kafin damina, suna da amsar wannan tambaya a hannu. Da wuya su rubuta ta, domin a wurinsu wannan ba jagoranci ba ne, zaman tare ne kawai. Sai su je su aro manyan kalmomin Turanci da mai tantancewa ya karanta sau dubu. Dole sai wani ya zauna da su, ya yi musu tambaya da Hausa, ya saurari labarin, sannan ya ce musu wannan ɗin shi za ku rubuta.

Masu iya wannan zama suna nan. Tsofaffin ɗaliban Birnin Kudu da na makarantun kimiyya sun cika jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Bayero, wasunsu da irin waɗannan tallafi suka yi digirinsu na uku, wasu ma sun zauna a kujerar masu tantancewa. Akwai kuma ƙungiyoyin ɗaliban Birnin Kudu da na Gwaram. Chevening yakan buɗe ne wajajen Agusta ya rufe da kaka, lokacin da yawancin ɗalibanmu suke gida ana shirin girbin gero, nesa da malamansu, kuma nesa da intanet mai ƙarfi.