Kirsimeti

Kirsimeti: suna, namiji, aro daga Turanci. Bikin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, ranar 25 ga Disamba. Misali: "Tela ya ce sai bayan Kirsimeti."

Wasu na ganin kalmar baƙuwa ce a Sabo da ke Mokola a Ibadan, unguwar da aka kafa wa Hausawa a 1916, wadda akasarin mazaunanta Musulmi ne. Ina ganin kalmar ta zama 'yar gida. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Kiristocin Arewa, irin na Filato da kudancin Kaduna, da Hausa suke sujada a majami'u kamar na ECWA. A lokacin bikin, matan Zumunta kan fito da anko suna waƙa da bugun tulu, a dafa shinkafa da nama a aika wa maƙwabta. Gaskiya ne Musulmin Sabo ba ya wannan ibada, amma lokacin yana cikin lissafinsa: mai dabbobi na jiran cinikin Disamba, ɗan canji na jiran masu dawowa daga Turai. Kalmar da ake sujada da ita, ake ciniki da ita, Hausa ce.