Ubangida da Sauyin Kiɗa: Daga Gidan Esterházy zuwa Fadar Daura

Masu rubuta tarihin kiɗan Turai sun saba yanka shi zamani-zamani: na Baroque daga wajen 1600 zuwa rasuwar Bach a 1750, sai na Haydn da Mozart, sai na Beethoven da magadansa a ƙarni na 19. Wanda ya karanta wannan jeri sai ya zaci kiɗan ne yake girma da kansa, kamar yaron da ya tashi daga rarrafe zuwa tafiya. A ganina ba haka lamarin yake ba. Abin da ya fi sauya kiɗa, a Turai da ƙasar Hausa baki ɗaya, shi ne sauyin wanda yake ciyar da makaɗi.

Rayuwar Haydn kaɗai ta isa hujja. A 1761 ya shiga barantaka a gidan sarautar Esterházy, bisa yarjejeniyar da ta wajabta masa sa tufafin barorin gida, da tsara duk kiɗan da ubangidansa ya nema, ta kuma hana shi bai wa wani. Kusan shekara talatin yana nan. Da ya je Landan a 1791, inda jama'a ke biyan kuɗin shiga su saurara, sai ya sami makaɗa masu yawa da taron da dole a burge shi, kuma manyan kaɗe-kaɗensa goma sha biyu na ƙarshe a salon simfoni don wannan taron ya tsara su. Mutum ɗaya ne, basira ɗaya ce, mai biya ne ya sauya.

Bahaushe ba zai ji wannan yarjejeniya baƙuwa ba, domin ita ce ƙa'idar makaɗin fada. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu ne, Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar III ne, kuma makaɗin fada ba ya wasa wani sai da yardar ubangidansa. Har kayan kiɗan ma suna da masu su. Tarihin Kano ya danganta zuwan kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), kuma har yau ba a busa wa talaka shi, kome dukiyarsa. A ƙauyukan masarautar Daura, irin na ƙasar Sandamu, tsarin bai tsaya a fada ba: gangar noma ta manoma ce a ranar gayya, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera. Shi ya sa masu nazari, daga Ames da King a 1971 zuwa Sa'idu Muhammad Gusau, suka fi karkasa makaɗan Hausa ta fuskar waɗanda ake yi wa kiɗan, ba ta fuskar zamani ba.

Mamman Shata shi ne mahaɗar tsari biyu, na fada da na jama'a. Rediyo da faifai da kaset sun ba shi ubangida mara suna, wato jama'a, sai ya fitar da kalangu daga da'irar da aka san shi, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da ɗan siyasa waƙa. Duk da haka bai yanke igiyar fada ba. Amincinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, sananne ne, kuma a Daura aka binne shi da ya rasu a 1999, ko da yake mutumin Musawa ne. Beethoven ma, da ake yi wa kallon makaɗin da ya 'yantu daga fada, ya karɓi albashin shekara-shekara daga wasu 'ya'yan sarauta uku na Biyana tun 1809.

Wani zai ce wannan ra'ayi ya mayar da fasaha ciniki. Ba haka ba ne. Ubangida yana yanke wa makaɗi jigo da tsawon waƙa da kayan kiɗa, amma ba ya sayo masa azanci. Fadoji da yawa sun ciyar da makaɗa, Narambaɗa kuwa ɗaya ne.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa kayan aiki ne suke sauya kiɗa: rubutun sauti da Guido na Arezzo ya inganta a ƙarni na 11, da fiyanon da Cristofori ya ƙera a wajen 1700. Gaskiya ne cewa rubutu ya bai wa Turawa damar jera muryoyi da yawa a kan juna, abin da hadda kaɗai ba za ta iya riƙewa ba. Sai dai kayan aiki ba sa yaɗuwa sai sun dace da bukatar mai biya. Coci ce ta bukaci limamanta su rera waƙa iri ɗaya a ko'ina, ita ta raini rubutun. Fiyano ya shafe shekaru da dama a gefe kafin attajiran birane su fara saye don ɗakunansu. Haka fiyanon lantarki ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano a shekarun 1990 ba don ya fi kotso ko taushi daɗi ba. Mai shirya fim yana biyan kuɗin waƙa ɗaya ne ya tafi, ba zai ba ƙungiyar makaɗa da 'yan amshi gida da gona da doki ba kamar yadda sarki yake yi, don haka mutum ɗaya a situdiyo ya wadatar da shi.