Amsar Wasiƙunku: Kan Yumɓun da Garma Ta Tono

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Zurmi, ya rubuto cewa suna cikin huɗa garma ta tono masu kan mutum na gasasshen yumɓu, har wani baƙo ya zo ya taya. Yana son ya sani, shin gunkin mutanen da ne? Ta yaya ake gane abin da suka bauta wa, tun da ba su bar rubutu ba? Kuma ya sayar ne ko ya fasa? Irin wannan tambaya ta zo mana daga Shinkafi da Kaura Namoda ma.

AMSA: To malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. A taƙaice, kada ka sayar, kada ka fasa, kuma kada ka ƙara tona wurin. Ga dalili.

Da farko dai, ƙasar da kake nomawa tsohuwar ƙasa ce. Tarihin baka ya nuna cewa a Dutsi, nan cikin ƙasar Zurmi, sarautar Zamfara ta fara kafuwa, kuma akwai manyan kaburbura a can da ake cewa na sarakunan farko ne. Daga baya aka koma Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci wajen 1762 zamanin Sarki Babari, suka zauna Alƙalawa har masu jihadi suka ci ta a 1808. Sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe maroƙa da malamai sun riƙe mana. Abin da ba su riƙe ba shi ne yadda mutanen farko ke bautarsu kafin Musulunci ya kafu. Mun san dai ana bautar iskoki a duwatsu, mun kuma san Dutsen Kwatarkwashi, kusa da Gusau, ya yi suna da tsafin Magiro, wanda asiri ne na maza. Shi kuwa asiri ba a shelarsa a kasuwa, balle a rubuta. In masu shi suka ƙare, ƙasa kaɗai ke iya ba da labarinsa.

Bari mu kawo maka misali daga Daular Rumawa. Daga ƙarni na 1 zuwa na 4 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), an yi wani addinin asiri a can na bautar wani abu da suke kira Mitra. Maza ne zalla ke shigarsa, galibi sojoji da fatake da ma'aikatan hukuma, kuma ba wani littafinsu da ya iso ga mutanen yau. A ƙarshen ƙarni na 4 sarakunan Rum da suka karɓi Kiristanci suka hana bautar gumaka, addinin ya mutu murus.

A 1954 ana shirin gina ofisoshi a birnin Landan, wanda a zamanin Rumawa garin lardi ne kawai a bakin daula, sai masu binciken kayan tarihi suka tarar da harsashin wani gini na wajen shekara ta 240. Ba su san na mene ne ba sai ranar ƙarshe ta aikin, 18 ga Satumba, da suka tono kan mutum-mutumin Mitra na dutse, binne cikin ginin. Ka ga, ginin ya bayyana kan, kan kuma ya bayyana ginin. Da wani ya riga su ya kai shi kasuwa, da ginin ya zama kango kawai.

Da aka gwama da ɗaruruwan irin wannan ɗaki da aka tono daga Ingila har Siriya da Aljeriya, sai aka ga fasalinsu ɗaya: ɗan ɗaki mai duhu kamar kogo, da dakali hagu da dama inda ake kishingiɗa a ci abinci, a ƙurya kuma ga siffar Mitra yana yanka bijimi. A garin Ostiya kusa da birnin Rum, zanen daɓen wani ɗakin ya nuna matakai 7 da mai shiga ke hawa. A garin Tinen na Beljiyam kuwa, ramin shara ne ya tona asirin. An sami ƙasusuwan zakaru da 'yan tumaki da na aladu tare da fasassun kasake, daga girman haƙoran dabbobin aka gane cewa wajen ƙarshen watan Yuni aka yi walimar. Ku makiyaya kun san yadda ake gane shekarun rago da haƙori, to haka suka yi.

Mu dawo gida. A shekarun 1990 an yi ta tone-tone a ɓoye a yankin Kwatarkwashi da wasu sassan Sakkwato da Katsina, dillalai na kwasar mutum-mutumin yumɓu suna fitarwa Turai. A can ana kiransu kayan Sakkwato ko kayan Katsina, ana kuma ƙiyasta cewa wasu sun kai shekara 2,000. Amma da yake masu tonon kan kawai suke nema, sun watsar da gawayi da ƙashi da tsingaro, waɗanda su ne shaidu. Gawayin nan da shi ake auna shekaru. Saboda haka yau ba mai iya cewa ga alaƙar waɗannan siffofi da Magiro, ko na kabari ne, ko na ɗakin tsafi. Wato ita kanta tambayarka ta ko gunki ne, amsarta na nan cikin ramin da kan ya fito.

Dubi bambancin Durɓi Ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina. Da aka tona wasu kaburburan a tsanake a 1992, aka sami awarwaron hauren giwa da wuri da kayan tagulla da zinari, kowanne a inda aka ajiye shi, suka tabbatar da cewa masu mulkin wurin na cinikayya da ƙasashen ƙetaren Sahara ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Ta fuskar doka, Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su ba da izni ba. In asiri ya tonu, baƙon ya riga ya tsallake, kai da ke gona za a tarar.

Don haka ka sa alama a wurin, ka rufe ramin, ka shaida wa dagaci ko hakimi domin a sanar da hukumar, ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ajiye abu a gidan tarihi ba bauta masa ba ne. Wanda ya san inda kakanninsa suka fito ya fi sanin girman ni'imar shiriyar da Allah Ya yi masa.

Jama'a, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Sai mako mai zuwa.